Kabarin Gindin Aduwa

Ɗanlami manomi ne a wani ƙauye kusa da Gabi, cikin ƙasar Madarunfa. A bazarar 1995, lokacin da sanƙarau ya ratsa ƙasar, ɗiyarsa ta fari, Indo, mai shekara shida, ta cika a kan amalanke suna hanyar likita. Rana ta take, gida ya yi nisa, mutane kuma suna tsoron cutar. Uwarta Zahara'u ta yi mata wanka nan bakin hanya. Shi da Inusa mai amalanken suka sallace ta, suka rufe ta a gindin wata aduwa, cikin fakon da ke bakin dajin gwamnati. Ban da su ukun nan, babu wanda ya san ainihin wurin.

Kun dai san halinmu da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa, balle a yi zancensa gaban surukai. Ɗanlami ya riƙe wannan kunya ƙam. In kewa ta dame shi, sai ya saɓi gatari ya ce za shi itace, ya je gindin aduwar ya yi addu'a ya dawo da ido jajir.

Bayan shekara biyu, da kaka, mota ta tsaya ƙofar maigari. Ma'aikata biyu suka sauko, ɗaya na gandun daji, ɗaya na ofishin da ke ba da izinin haƙa. Aka tara magidanta. Wani ɗan kwangila ne yake neman izinin ɗibar tsakuwa a fakon nan domin gyaran hanya.

Mai izinin ya buɗe takarda ya ce, "Jama'a, ba mu sa hannu ba tukuna. Ƙasar taku ce, kun fi mu sanin ta. In akwai rijiya, ko burtali, ko kushewa a wurin, ku faɗa mu rubuta, a kauce mata."

Bala makiyayi ya miƙe tsaye. "Ranka shi daɗe, ta yamma hanyar shanunmu ce. In kun haƙe ta, ina za mu bi?"

Nan take aka rubuta, aka ja iyaka gabas. Gabas ɗin nan kuwa, can aduwar take.

Ɗanlami ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya ga ƙeyar surukinsa Malam Yahaya, mahaifin Zahara'u, zaune daf da gabansa. Yaya zai ce "kabarin ɗiyata" a kunnen wannan dattijo, ga kuma duk gari? Inusa ya tafi cin rani Najeriya. Zahara'u tana gida, don ba a kira mata ba.

Har sau uku ma'aikacin yana tambaya, "Akwai sauran magana?" Ɗanlami yana wasa da ƙasa da yatsa, yana ce wa ransa gobe sai ya sami maigari su biyu. Da aka zo dangwala hannu, shi ma ya dangwala. Wayyo Ɗanlami! Goben nan ba ta zo ba. Roron gyaɗa ya sha kansa, ya kuma ɗauka aikin gwamnati sai an shekara ba a fara ba.

Kwana ashirin kacal aka yi. Yana gona da hantsi ya ji rugugin katafila daga wajen daji. Ya yar da kwando ya zura da gudu, ko takalmi babu. Mutanen gari suka biyo bayansa.

Ya tarar aduwar kwance, saiwoyinta a sama. Inda kabarin yake ya zama rami, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Ya faɗa ciki yana ihu, "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya! Ɗiyata na nan! Indo na nan!" Ran nan ne mutanen garin suka fara jin sunan daga bakinsa.

Direban ya kashe injin. Ya ce, "Baba, wallahi ba wanda ya gaya mana. Kamyo huɗu, manyan motoci cike da tsakuwa, sun riga sun tafi."

Ɗanlami ya tona da hannu har faratansa suka yi jini. Abin da ya samu, ƙananan ƙasusuwa ne da ba su cika tafin hannu biyu ba. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe su.

Da ma'aikacin nan mai izini ya iso, ya cire hula. Sannan ya ce, "Malam, ai kana wurin ranar. Da ka yi magana, taki ashirin kawai za mu matsa."

Malam Yahaya ya dafa kafaɗar Ɗanlami, hawaye na bin gemunsa. "Haba ɗana! Ni ka ji wa kunya? Jikata ce fa. Da ka buɗe baki, ni zan fara tsayawa."

A gida, Zahara'u ta karɓi ƙunshin ta buɗe. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ɗago. "Malam, ina sauranta?"

Ya sunkuyar da kai. "An zuba a hanya."

An gama hanyar kafin damina, ta yi kyau, motoci na ta wucewa. Zahara'u ba ta taɓa taka ta ba. Duk ranar kasuwa ta cikin gonaki take ratsawa, da kaya a kai, cikin ƙaya da ƙarangiya, wai kada ta taka ɗiyarta.

'Yan uwa, kunya adonmu ce, amma ba ranar da hukuma ta zo tambaya kan dajinmu da ƙasarmu ba. In an kira taro ku je, a kira mata su ma, kowa ya faɗi abin da ya sani tun kafin a sa hannu.