Tayar Ciyawa

Halidu ya kifa keken a ƙarƙashin rumfa, sirdi a ƙasa, ƙafafu sama, ya zare robar ciki daga tayar baya. Ya ba ta iska da famfo, ya bi da ita kusa da leɓensa a hankali. Nan tana yoyo, can tana yoyo. Faci ne a kan faci, har yatsa bai iya bambance inda ainihin robar take.

A ɗaki 'yarsa Saude tana nishi. Da hantsi kububuwa ta sare ta a dunduniya, tana tsinkar yakuwa bayan rumbu. An ɗaure ƙafar, an tsaga, an shafa duk abin da tsofaffi suka ce a shafa. Yanzu jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta, kuma duk wanda ya girma a Adar ya san ma'anar wannan. Abu ɗaya ya rage: allurar da ake cewa akwai a gidan likita na Madawa.

Madawa ba nisa, in da abin hawa. Amma kumandan Nasara mai mulkin yankin ya aiko an kwashe mazan ƙauyen zuwa aikin hanya, har Maigari da dokinsa, jakuna kuma sun tafi kai hatsin gwamnati. Gari ya zama na mata da tsofaffi da kaji. Maƙwabciyarsu Mairamu ta ɗaura ɗamara ta kama hanya da ƙafa, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Allah ya saka mata, amma kafin ta je ta dawo sai dai ta tarar da zaman makoki.

Saura keke, kuma duk ƙauyen ba wani sai nasa. A Sakkwato ya saye shi, zamanin da yake fataucin fata, kafin yaƙin Nasara ya rufe iyaka, roba ta yi ɓatan dabo. Halidu kuwa, a faɗi gaskiya, marowaci ne a kan keken nan. Ƙanensa Iro ya yi roƙo har ya gaji a koya masa hawa, Halidu ya ce sai ya yi hankali. Matarsa Zaliha ta taɓa cewa cikin wasa ita ma a koya mata, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kai labarin majalisa. Kowace Juma'a yakan shafe sarƙar da man gyaɗa, ya murza feda yana sauraron ƙararta. Duk da wannan gata, zanzaro ya sami sararin gina ɗakinsa a ƙarƙashin sirdin.

Ya narka ƙaro ya liƙe hudojin, ya jira ya sha iska, ya sake buga famfo. Robar ta kumbura, ta yi tsit kamar za ta riƙe, sai fuuu. Ya sake, ta sake. Ya jefar da ita.

"Zaliha, kawo min tsummoki da busasshen haki. Ki kwance min ƙirin guga, igiyar fatar nan."

"Maigida, don Allah bari keken ga. Taho ka zamna kusa gare ta, kai taka kira."

"In zamna in yi mi? Kawo min."

Ta kawo ta zuba masa a cinya. Ya shiga cusa ciyawa da tsumma cikin tayar, yana dannawa da ƙotar wuƙa har ta yi tauri. Ya jiƙa igiyar fatar, ya tsaga ta siri-siri, ya naɗe tayar da bakin ƙarfenta tam. Wuƙar ta ci masa yatsa, bai sani ba sai da ya ji danshi a tafinsa.

"Rana ta kai ina?"

"Ta gota tsaka."

Ya tayar da keken, ya danna sirdi da dukan nauyinsa. Tayar ta ɗauka. Za ta yi gargada, za ta girgiza masa haƙora a kan duwatsu, amma za ta yi tafiya. Ya ɓare ɗakin zanzaron da babban yatsa.

Ya shiga wajen Saude. Goshinta sanyi ƙalau, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ta riƙe masa gefen riga da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Baba, kar ka tahi."

"Yanzu-yanzu ni ka komowa, ɗiyata. Allura zan amso miki."

Matan da suka taru a tsakar gida suna ta salati. Da jin haka wata tsohuwa ta ce la haula a hankali. Ba wadda ta tare shi, ba kuma wadda ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya turo keken ta zaure, feda ta bugi dokin ƙofa, ya ja baya ya sake. A waje zafin rana ya dafe masa ƙeya. Ya ɗora ƙafa, yana karanta hanyar a zuci: gangara, sai rairayin korama, sai tsamiyar da ake hutawa, sai duwatsu har bakin gari. Ya bi ta ya fi a ƙirga. Duk da haka bai taɓa jin ƙanƙantarsa kamar yau ba.

"Zaliha."

"Ga ni."

"Daidaita min."

Zaliha ta matso kusa da keken. In ta hana shi, yarinyar ta cika yana zaune, ba zai sake cin tuwonta da daɗi ba. In ta bar shi, ta san inda abin zai ƙare. Hawaye na zuba, ta kama kan keken ta juya shi ya fuskanci Madawa, kamar yadda take juya mijin nata ya fuskanci gabas kowace salla, tun shekarar da cutar agana ta cinye masa idanu.