Ɗalibin da Ya Ɗauko Turkancin Tsohuwa

Tunda ka tambaye ni inda mutum ke samo abin da ke bakinsa, zauna in ba ka misalin wani ɗalibi. Saurayi ne ɗan Gusau, yana aji uku a jami'a, fannin harsuna. Aka zaɓe shi ya je Turkiyya ya yi shekara guda ya goge a Turkanci, da sharaɗin cewa a ƙarshe zai zauna gaban malamai su jarraba shi baki da baki. In ya ci, ya dawo ya ƙarasa digirinsa. In ya faɗi, shekarar ta tafi a banza, sai ya maimaita aji. Ya sauka da akwati ɗaya, da ƙullin kilishi, da Turkancin littafi wanda ba ya wuce gaisuwa sai ya fara tuntuɓe. Ya kama ɗaki a ƙasan wani tsohon bene. Bai cika sati shida ba annobar korona ta sauko. Aka rufe jami'a, aka tsayar da jirage, abokan karatunsa masu zafin nama suka tsere gida, shi kuwa kafin ya gama shawara hanya ta toshe. Darasi ya koma ta kwamfuta, malama na magana murya na yankewa, ɗalibai sun yi tsuru-tsuru kamar hotunan fasfo. Ya ƙetare teku don ya ji harshen mutane a kasuwa da tasha, ga shi ba abin da yake ji sai gurnanin firij. Ya ce wa ransa, wannan jarrabawa kam an riga an faɗi.

A saman ɗakinsa akwai wata tsohuwa mai zaman kanta, 'ya'yanta na wani gari, ga shi an hana tsofaffi fita. Wata safiya ya buɗe taga sai ga kwando ɗaure da igiya yana lilo a gaban hancinsa. Ya ɗaga kai, tsohuwa ta yi masa ruwan magana, bai tsinci komai ba sai dai ya gane aike ne kanti. Ta ce albasa, ya kawo tafarnuwa. Kwando ya hau, kwando ya sauko da tafarnuwarsa. Ta leƙo ta faɗi sunan albasa sau uku, ta sa shi ya maimaita, kuma da yake kunnenta ya yi nauyi, sai da ya faɗa da ƙarfin da kuliyoyin layin suka watse sannan ta yarda. Tun daga ranar ya zama ɗan aikenta. Da la'asar takan zauna a baranda tana ɓarar wake, shi yana ƙasa a kan kujera, tana ba shi labarin ƙauyensu, da ciwon gwiwarta, da matar ɗanta wadda ba ta san gishirin miya ba, da yadda tumatirin yanzu ba shi da ƙamshi. In ya yi shiru ta ce bai da ladabi, in ya amsa a karkace ta gyara masa. Kwandon kan sauko da miya mai tururi. Ran nan ya rama alheri da kilishi, ta tauna, yaji ya kama ta, ta shanye ruwa kofi biyu, ta yi masa faɗa da addu'a a numfashi ɗaya. Wata bakwai ana haka. Shi dai a ganinsa taimakon tsohuwa yake yi, karatu kuwa ya sallama.

Ranar jarrabawa ta zo, ita ma ta kwamfuta, malamai uku sun jeru fuska ba wasa. Babbarsu ta tambaye shi lafiyarsa. Ya buɗe baki, sai maganar ta fito da kanta, da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin kogi: "Sai godiya, 'yata, gwiwoyin nan ne dai, sanyi ya shige su!" Ɗaya daga cikin malaman ya tambaye shi yadda ya ga birnin, ya girgiza kai ya ce ai gari ya lalace, a zamaninsu ba haka tumatir yake ba. Nan fa dariya ta ɓarke. Babbar malamar ta cire tabarau tana share hawaye, ta ce rabonta da jin irin wannan Turkanci tun rasuwar kakarta. Suka yi ta jan sa da hira fiye da lokacin da aka ɗibar masa, ba su kama shi da kuskure ko ɗaya ba. Shi ya zo na ɗaya.

Ya fita da gudu ya tsaya ƙasan baranda ya rattaba wa tsohuwa albishir. Ta saurara har ya kai aya, ta sa masa albarka, sannan ta ɓata rai ta ce, "Amma ɗana, ka gyara bakinka kafin ka koma gida. Saurayi kamarka yana magana sai ka ce tsohuwa, wa zai ba ka mata? A ina ma ka koyo wannan?"

To ka ji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.