Garin Fitar da Dalma

Tun da ruwan garinmu ya gurɓace, ba a sayar da kifi sai wanda ya ci farin garin nan mai fitar da dalma. Ranar Laraba na je sayo wa tarwaɗar da nake kiwo. Mai shagon, Malam Tanimu, ya ɗauko mudu, ya yi tambayar da doka ta ɗora masa.

"Inna Kuluwa, akwai mara lafiya a gida? In akwai, ba zan sayar miki ba."

Saboda irina ake tambayar. Bara da maigidana ya kwanta ciwo, na dama masa garin a kunu, wai ko zai warkar da shi kamar kifi. Ya shanye don kada raina ya ɓaci. Kwana tara ya ƙara a duniya.

Na ce, "Babu kowa, Malam."

Ya auna mini, bai ɗago kai ba.