Shaida Na Biyar

Tun da takardun gonaki suka koma cikin rajistar na'ura da ake kira sarƙa, ba a ƙetare da su daga sarƙar Katsina zuwa ta Maraɗi sai ta gadar na'ura da ke haɗa su, kuma sai shaidu biyar sun amince da muryarsu.

Da hantsi Tasalla ta shiga shagon Dikko mai gada a Jibiya, za ta tura wa ɗanta da ke Maraɗi takardar gonarsu.

"Inna, mu fara gwadawa da takardar kukar bakin gonar kaɗai," in ji Dikko. "In ta isa lafiya, sai sauran ya bi."

Ya danna allon na'urarsa. Shaidu suka riƙa amsawa ta lasifika. Na biyar ya yi gyaran murya, ya ce, "Ni Malam Ilu, na shaida."

"Kin ji, ta isa. In tura gonar?"

Tasalla ta riƙe masa hannu. "Ɗan nan, Ilu mijin ƙanwata ne. Daga sadakar arba'in ɗinsa nake."

Dikko ya janye yatsansa daga allon. Ba wanda ya taɓa lasifikar, amma sai ga gyaran muryar nan kuma.

"Yaya Tasalla, turo gonar mana."