Kwanson Harsashi Talatin

Alhaji Tanimu, ka ce ƙanenka ya bar aikin soja ka zaunar da shi a shago, ko mako bai cika ba har kana ƙorafin ba ya yi wa masu ciniki fara'a. Bari in ba ka misali.

Wani manomi ne a bakin kogi, dorina ta sa wa shinkafarsa ido. Yana da tsohuwar bindigar da ya gada a wurin mahaifinsa, amma an daina kawo harsashinta kasuwa. Ya bi maharba gida gida, da ƙyar ya haɗa kwanson harsashi talatin na wata bindigar daban, waɗanda aka riga aka harba. Ya kai wa wani tsohon maƙeri ya mayar masa da su daidai bakin tasa. Maƙerin ya jujjuya ɗaya a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, tagullar da ta sha wuta ta taurare. Sai na gasa wuyan kowanne ya yi laushi, in matse kaɗan, in bar shi ya huta, in sake. Ka ba ni kwana bakwai." Manomi ya duba tsohon nan, ya tuna shinkafarsa da ta fara nuna, ya ga ai wannan jan rai ne kawai. Ya ce a ara masa abin matsewar, shi ma ba ƙarfi ya rasa ba.

Kafin la'asar ya gama da su duka. Kowanne matsa ɗaya ya yi masa da iya ƙarfinsa, yana yi yana jin daɗin kansa. Da ya ɗaga su a hasken rana, sai ya ga wuyan kowanne ya tsage, tsaga siririya kamar gashi. Ya koma wa maƙeri da su a cikin hula, kunya ta hana shi ɗaga kai. Tsohon bai yi masa gori ba, ya dai ce wanda ya tsage ba ya gyaruwa, in aka cika shi aka harba, fuskar mai harbin zai fara ci. Manomi ya sake bin maharba, ya yi wata biyu kafin ya haɗa wasu kwanson. Ranar da aka gama masa su, kara kawai dorina ta bar masa a fadama. Ni abin da ya fi ba ni tausayi, kwana bakwai ɗin da ya raina, da shinkafar ta jira shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri yakan haifi nawa.