Maginiyar Tukwane da Hankakanta

Ka ce tsohuwarka ba ta taɓa nuna ta damu da kai ba? Kayya, gyara zama in ba ka wani misali. An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye, mace mai kunya irin ta mutanen da. Ɗanta na fari, tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta a gaban ɗan Adam ba. Sai dai "kai", sai "wancan", don ka san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ranar da ya tashi tafiya Kurmi neman na kansa, ya durƙusa yana yi mata sallama, ko kai ba ta ɗago daga yumɓun da take cuɗawa ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan. Ya tafi yana ganin ba a damu da shi ba, ita kuwa ranar nan ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, ba ta samun komai sai gaisuwa jefi-jefi a bakin fatake. Kewa ta ci ta, ta cinye, amma wa za ta gaya wa?

Wata damina iska ta kaɗo ɗan hankaka daga kan giginya, maginiyar ta tsince shi a bakin ramin da take haƙar yumɓu, ko gashi bai gama fito masa ba. Ta ajiye shi a cikin wani fasasshen kasko, tana ɗura masa jiƙaƙƙen tsaki da gara har ya yi fiffike. Da ya girma bai koma daji ba, ya mai da dangar gidan wurin zamansa. To, shirun gidan nan ya ishe ta, sai ta ɗaura aniyar koya masa magana. Kullum da safe ta tsaya gabansa: "Salamu alaikum. Ka ce salamu alaikum!" Maƙwabta har riƙe ciki suke yi don dariya, suna cewa ai aku ne mai magana, hankakan daji me ya sani in ban da "ƙaa"? Shekara biyu tana fama, ɗan banzan ko "sa" bai ce ba, sai dai ya karkata kai yana kallonta, ya sace ƙuli-ƙulinta ya gudu. Ta gaji ta haƙura. Abin da ba ta lura da shi ba, duk lokacin da gida ya zama ba kowa, hannunta na cikin yumɓu, bakinta kan suɓuce a hankali ta tambayi wanda ba ya nan, tambaya ɗaya tak, kullum ita ce. Shi kuwa mai farin ƙirjin yana bisa danga ya yi tsit.

A shekara ta bakwai da tafiyar ɗanta, baffansa ya rasu, ɗan ya zo ta'aziyya. Kwana uku ya yi. Ta tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka irin wadda yake so, ta tura masa kwanon ba tare da ta dube shi ba. Zuciyarta tana ta cewa zauna, don Allah zauna, bakin ya ƙi. Ta san sarai in ya tafi wannan karon da wuya ya sake ganinta da rai, amma kunyar da ta riƙe shekara talatin ba ta sakuwa a safiya ɗaya. Hantsi ya yi, ya rataya jakarsa, ya durƙusa kamar wancan karon, ta ce Allah ya kiyaye hanya kamar wancan karon. Ya kai bakin ƙofa ke nan, sai aka ji murya daga kan danga, muryarta sak, har da 'yar rawar da take yi: "Haladu, ko ka ci abinci?" Mutumin nan ya tsaya cik. Gemu ya fito masa, har da furfura ɗai-ɗai, amma bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Hankaka ya sake faɗa, ya kuma sakewa. Ita kuwa tsohuwa, wayyo, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta duƙufa kan randar da take ginawa, ta danna yatsunta har bakin randar ya lotse, hawaye na ɗiga cikin yumɓu. Sai ta ji ƙarar jaka an sauke ta a ƙasa.

Ka gani, abin da aka yi ta cusa masa da rana tsaka bai ɗauka ba, abin da gidan yake faɗa a ɓoye shi ya haddace. Je ka gaishe da tsohuwarka, ba kowace uwa ce ke da hankakan da zai tona ta ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.