Baƙin Yashin Tafki

Ranar da aka binne yaro na uku a wata unguwa ta bayan Azare, wani magidanci ya rantse sai ya tona asirin wata tsohuwa Babarbariya da ke zaune a cikinsu. Tun shekarar da sojoji suka dawo daga Bama yara ke fama da murɗawar ciki da farfaɗiya, har 'yarsa ta daina gane muryarsa. Kowa ruwan tafki yake sha, ita kaɗai ke zuwa rijiya mai nisa, jikokinta kuwa garau.

Ya tare ta a bakin tafkin.

"Iya, me kika zuba mana a ruwan nan da ba kya sha?"

"Ban zuba komai ba, ɗana. A garinmu na ga shanu sun haukace don sun sha inda ake wanke dutsen dalma. Na gargaɗi matanku, suka ce ni mayya ce."

Ta cusa hannu cikin laka, ta ɗebo baƙin yashi mai ƙyalli, ta zuba masa a tafin hannu.

Nan take ya gane shi. Ɓarɓashin tozalin da yake sarowa daga Binuwai ne, wato dutsen dalmar da take nufi, wanda shi da kansa yake wankewa a nan kowane mako kafin ya kai kasuwa. Ya zube cikin lakar.